Tubalin Ɗakin Inna

Shekarar da na yi niyyar gina wa Inna ɗaki a cikin gidana, ban kawo wa raina cewa sai na nemi izinin kowa ba. Gidan gadon mahaifina ne, gefen da zan yi ginin kuma wurin ɗaure awaki ne tun ina yaro. Ni malamin firamare ne a ƙauyenmu, can gefen Bagega a ƙasar Anka. Inna tana zaune a tsohon gida tare da ƙanena, a wani ɗaki da bangonsa ya tsage har ana hango haske ta ciki. Gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ni kuma ina son ta dawo kusa da ni kafin damina ta sauka.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ya same mu lokacin da zinariya ta shigo gidaje. Maza na haƙo dutse a daji su kawo gida a buhu, mata na dakawa a turmi, injinan niƙa na aiki a ƙofar gidaje, ƙura na tashi tana sauka a kan tuwo da tabarma. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin dutsen. Sai yara ƙanana suka fara sanƙarewa suna mutuwa. 'Yarmu ta fari tana cikinsu, ko yaye ta ba a yi ba. Daga baya likitoci suka zo, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa. Ƙaramar hukuma ta kafa doka: ba niƙan dutse a cikin gari, ba ɗibar ƙasar gini sai a ramin da aka amince da shi, kuma duk mai sabon gini ya sanar a zo a duba. Da farko kowa ya bi. Da shekaru suka tafi, yara suka daina mutuwa, sai muka mayar da dokar kamar tsohuwar sanarwar da ke manne a bangon asibiti, ana wucewa ta gabanta ba a karantawa.

Ƙanena ne ya ɗauki nauyin tubali. Ya taɓa aikin haƙar zinariya, daga baya ya koma noma. Ya ce mini ya san wani kududdufi a bayan gari mai ƙasa mai laushi kamar garin tuwo, ba tsakuwa, ba sai an sha wahalar kwaɓa ba. Na ce ya yi abin da ya ga ya dace. Cikin mako biyu ya yi tubalin, ya kwaso su a amalanke ya jibge a tsakar gidana, har da tarin ƙasar yaɓe. Tubali ne masu kyau, sumul, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Magini ya sa hannu, kafin a jima bango ya kai gindin taga.

Wata ranar Talata na dawo daga makaranta da azahar, na tarar da babur a ƙofar gida. Duba-gari ce ta zo. Kirista ce daga can kudancin Kaduna, ta daɗe a ƙasarmu har Hausarta ta koma irin tamu, kowa Madam yake ce mata. Tana zagayen duba salga da kwatoci ne ta hango sabon bango ta saman katanga. Na same ta tsugune, tana murza ƙasar yaɓen tsakanin yatsu biyu.

Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ina kunka ɗebo ƙasar ga?"

Na ce, "Bayan gari. Ƙanena ya san wurin."

"Ba ramin hanyar Anka ba?"

"A'a. Wani kududdufi ne, kusa da tsamiyoyi."

Ta miƙe, ta zuba ruwan gorarta ta wanke yatsun sosai. Ta ce a dakatar da aikin har sai an auna ƙasar. Ta ciro ɗan gwangwanin jan fenti daga jakarta ta yi alama a jikin bangon, daidai inda duk mai shigowa zai gani.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Na ce mata hadari ya fara haɗuwa a gabas, tsohuwa tana kwana a ɗakin da ke iya faɗowa a kanta, magini kuma in ya tafi wani aikin ba na sake ganinsa sai kaka. Na ce gidan ubana ne, ba filin hukuma na ci ba. Har na ce mata maganar dalma ai ta wuce tun shekaru. Ta bar ni na gama, ba ta katse ni ba.

Sannan ta ce, "Ban ce akwai ba, Malam. Na ce ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Ka tafi sakatariya ka shaida musu, su turo mai na'ura. In ƙasar lafiya take, ni da hannuna zan goge jan ga."

Da yamma na je na faɗa wa Inna. Ni ɗan farinta ne, ba ta faɗar sunana, sai dai ta ce kai. Na zaci za ta taya ni faɗa. Tana tsince wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai, ɗakin ga nawa shekara nawa yana tsage bai faɗi ba? Ba mako guda zai kashe ni ba. Ka tafi inda aka ce ka tafi."

Washegari na nemi izini a makaranta na hau mota zuwa Anka. A sakatariya aka nuna mini sashen lafiya, su kuma suka haɗa ni da jami'in filaye, wani dattijo mai farin gemu da tabarau ɗaure da zare. A bangon ofishinsa akwai taswirar ƙauyukanmu, an zagaye wasu wurare da jan biro. Ya ce waɗannan su ne ramukan da aka san an wanke zinariya a cikinsu. Muka nemi kududdufin tsamiyoyi a taswirar, ba ya cikin masu ja. Na ji daɗi har na fara murmushi, na ce to ashe magana ta ƙare.

Ya ce, "Ba ta ƙare ba. Abin da muka sani shi muka zagaye. Wanda aka yi bayan mun juya baya ba ya nan."

Ya ba ni takarda na cike, inda aka tambayi faɗin ɗakin da nisansa da rijiya da salga, abubuwan da ban taɓa aunawa ba. Ya ce mai na'urar yana can wajen Bukkuyum a kan wani aiki, daga nan zai leƙa Gummi, sai mako mai zuwa zai waiwayo mu. Na dawo gida ina ƙunƙuni cewa an ɓata mini yini.

A cikin kwanakin jiran nan na lura matata ta canja. Ba mai yawan magana ba ce tun asali, amma sai ta ƙara yin shiru. Ta ɗauko tsofaffin buhuna da zana ta rufe tarin tubalin da na ƙasar, ta danne da duwatsu. Ta daina girki a tsakar gida, ta mayar da murhu zaure. Autarmu, wadda ba ta cika shekara uku ba, ta koma bayanta a goye kamar jaririya, yarinyar na ta zillo tana son sauka. Na ce mata tana wahalar da kanta kan abin da ba a tabbatar ba. Ta dube ni kawai ta ci gaba da abin da take yi.

Ranar da aka sa, Madam ta zo da mai na'urar, wani mutum mai jakar baya, ga mai unguwa, ga ƙanena da magini. Na'urar ba ta da girma, ana riƙe ta da hannu ɗaya kamar tocila, ana danna bakinta a jikin abu a jira ta yi ƙara. Ya fara da ƙasar tsakar gida can kusa da ɗakina, irin wadda aka zuba mana shekarun baya. Ya duba ya ce lafiya. Ya matsa ya ɗora a kan tubali ɗaya. Na'urar ta yi ƙara, ya duba. Ya ɗauko wani tubalin daga ƙasan tari ya fasa shi biyu, ya ɗora a tsakiyar. Ya gwada jikin bango, ya gwada ƙasar yaɓe. Sannan ya juya fuskar na'urar ya nuna wa Madam.

Ta ce, "Malam, akwai. Kuma ba kaɗan ba."

Ƙanena ya zauna a kan turmi. Can ya ce, "Yaya, ni na san an yi wanki a wurin. Bayan an hana niƙa cikin gari, wasu sun koma can a ɓoye, damina biyu. Amma an daɗe. Na ɗauka ruwan sama ya wanke."

Mai na'urar ya ce laushin da ya burge shi shi ne alamar. Ba ƙasa ba ce, dutse ne da aka niƙa aka wanke aka zubar. Ya ce dalma ba ta ruɓewa, ba ta bin ruwa ta tafi, inda aka bar ta nan za a same ta. Da an gama ɗakin an shiga, kullum bangon zai riƙa zubar da ƙura kaɗan-kaɗan, a share ta, a shaƙa, ta sauka a kwanon abinci.

Madam ta juya wajen matata, wadda ke tsaye a bakin zaure da goyo. Ta tambaye ta ko yarinyar ta yi wasa a wurin kafin a rufe.

Matata ta ce, "Kullum. Tana da gwangwanin kifi, da shi take yin nata tubalin. Na sha cire ƙasa daga bakinta."

Kusan wata guda tarin nan yana tsakar gidana, ina wucewa ina ganin 'yan tubalinta jere a rana, ina dariya ina cewa ta gaji kawunta. Na tuna yadda na ɗaga wa Madam murya a gaban iyalina, na kasa dubanta.

Ita kuwa ba ta tsaya kan wannan ba. Ta rubuta takarda a kan sirdin babur ta miƙa mini, ta ce gobe da safe mu kai yarinyar asibiti a Anka a auna jininta, kada mu jira ta nuna alamar ciwo.

Mun kama hanya da sassafe, ni da matata da yarinyar. Hanyar nan ita muka bi da ta farin shekarun baya, ba wanda ya ambata a cikinmu. Yarinyar kuwa ranar murna take, karo na farko da ta shiga mota, tana nuna shanu tana kiran su da sunan saniyar maƙwabcinmu. A asibiti wata ma'aikaciya ta wanke mata hannu da sabulu har sau biyu kafin ta ɗauki jinin. Ta yi kuka kaɗan, aka saya mata ƙosai ta manta. Aka ce mu jira a waje.

Mun zauna a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya tare da wasu iyaye daga Sunke. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na riƙa kallon yarinyar ina neman abin da ba na son gani, ko idonta ya juya, ko hannunta na rawa. Ba abin da take yi sai bin tururuwa da tsinke. Matata tana jan carbi a cikin mayafi.

Da aka kira mu, likitan ya sa muka zauna tukuna. Ya ce an ga dalma a jinin, amma kaɗan ce, ba ta kai inda ake ba da magani ba. Ya ce abin da ake so shi ne a raba ta da ƙasar tun yanzu, a riƙa wanke mata hannu kafin ta ci abinci, a ba ta abinci mai gina jiki, mu dawo bayan 'yan watanni a sake aunawa. Ya ce mun zo da wuri.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Matata ta sunkuyar da kai tana cewa alhamdu lillahi, hawaye na zuba a kan goshin yarinyar, ita kuma tana ture fuskarta don ta hana ta cin ƙosai. Da muka fito sai na ji yunwa ta kama ni irin wadda na daɗe ban ji ba. Muka zauna a tasha muka ci shinkafa da wake, muka sha fura, muka ƙara. A mota matata ta yi barci a kafaɗar wata tsohuwa da ba ta sani ba, har muka iso gida.

Rushe bangon bai yi mini zafi ba ko kaɗan. Hukuma ta turo tifa da ma'aikata masu rufe hanci da baki. Aka fitar da mata da yara zuwa gidan Inna, aka yayyafa wa bangon ruwa don kada ƙura ta tashi, aka sa masa diga. Ƙanena ya fi kowa aiki ranar, bai sha ko ruwa ba sai da aka kwashe tubali na ƙarshe. Aka kankare ƙasar wurin kamar taki guda, mai na'ura ya bi yana gwadawa har ya ce ya isa. Tifa ta kai kayan can ramin da hukuma ta ware nesa da gari aka binne.

Jami'in filaye ma ya zo da kansa da igiyar awo, tunda takardata tana hannunsa. Da ya auna sai ya gano tsohon harsashin ya ci kamu guda daga lungun da ruwan unguwarmu ke bi in an yi sama. Ya ce da ginin ya tsaya a haka, ruwan farko zai taru ya ci gindin bangon, ya kuma koma gidan maƙwabcina. Ya kafa turaku huɗu a inda ya kamata, ya juya ƙofar ɗakin ta bar fuskantar salga. Magini ya yi ta gunaguni cewa shekara talatin yana gini ba wanda ya taɓa nuna masa inda zai sa ƙofa. Dattijon ya ce masa, "To yau ka ga na farko," aka yi dariya, shi ma maginin ya yi.

Abin da ya rage shi ne lokaci, don an riga an yi yayyafi sau ɗaya. Mai unguwa ya yi magana a masallaci bayan la'asar, aka sa ranar gayya. Maƙwabcinmu Bafulatani, wanda gonarsa ke jikin tamu, ya kawo amalanken shanunsa ya yi yini uku yana jigilar ƙasa daga ramin hanyar Anka. Ƙasar nan mai tsakuwa ce, mai wuyar kwaɓa, tubalinta kuma ba su da kyan gani. Samarin unguwa suka yi ta takawa da ƙafa suna tsokanar ƙanena, suna tambayarsa ko yana da wani kududdufin da zai nuna musu. Ya haƙura ya sha. Madam ta zo ta sa aka gwada tubalin farko kafin a ɗora, sannan ta sa hannu a takardar.

A wajen gayyar ne wani ya ambata cewa ba mu kaɗai muka ɗebi ƙasa a kududdufin tsamiyoyi ba. Gidaje biyu sun yi yaɓe da ita bara. Madam ta ce in raka ta, tunda ni za su fi jin maganata. Gida na farko ba gardama. Na biyu na wani tsohon abokin mahaifina ne, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce rumbunsa ne ya yaɓe, ba mai taɓa masa rumbu. Duk abin da ya faɗa na san shi, don kusan shi na faɗa makonni uku da suka wuce. Na ce masa, "Baba, ni ma haka na ce. Ka bari a gwada kawai." Na ba shi labarin gwangwanin kifi da zaman da muka yi a ƙarƙashin dalbejiya. Yana da jikoki huɗu a gidan. Sai ya matsa gefe ya ba mu hanya. Bayan haka aka kewaye kududdufin da ƙaya, hukuma ta zo ta rufe shi da jar ƙasa.

An ɗora kwanon ɗakin Inna ana saura kwana biyu a yi ruwan shuka. Ta ƙi shiga sai da yaɓen ya bushe sarai, sannan ta sa aka kwaso gadonta da tukwanenta da wata tsohuwar adaka da ba wanda ya san abin da ke ciki. Ta zagaya ɗakin tana dafa bango, ta ce tagar ta yi ƙanƙanta, ƙofar kuma ta yi wa rana kusa. Daga nan na san ya yi mata.

Da kaka muka mayar da yarinyar asibiti. Aka sake aunawa, aka ce abin ya ragu sosai, ba sai mun dawo ba sai in mun ga wani abu. Ba mu ga komai ba. Yanzu tana aji uku a makarantar da nake koyarwa, surutunta ya ishi kowa, kuma ta fi ni saurin lissafi.

Ranar da muka dawo da wannan sakamakon Inna ta aika a kira mata Madam. Ta tara mata ƙwan zabi cikin ƙwarya. Madam ta ce aikinta bai yarda ta karɓi kaya a gidan da ta duba ba. Inna ta ce ita ba ta san wannan dokar ba. Suka yi ta ja, daga ƙarshe aka daidaita a kan a dafa ƙwan a ci a nan. Matata ta dafa, ta kawo da yaji a murfin kwano, muka zauna a tabarma a ƙofar ɗakin muna ɓarewa. Inna ta riƙa tambayarta labarin garinsu, ko ana noman gero a can, ko uwarta tana da rai. Sai da aka kira la'asar Madam ta tashi, ta ce tana da rijiyoyi biyu da za ta duba a unguwar mahauta kafin rana ta faɗi.